Shayin da ke ƙamshin ruwan farko

A kasuwar Fangcun ta birnin Guangzhou na fara shan shayin Pu'er, a wata tafiya da na yi sarin kayan waya. Saura kwana biyu in dawo gida, tafintana ya ce mu leƙa kasuwar shayi. A lokacin shayi biyu na sani: na teburin mai shayi da madara da burodi, sai na Buzaye da ake dafawa a kan gawayi da sukari.

Mai shagon dattijuwa ce. Ta kwance wata farar takarda, sai ga abu baƙi zagayayye kamar ƙaramin faifai, da tauri kamar ƙuli-ƙuli. Ganyen shayi ne daga lardin Yunnan, aka turara shi aka danne. Kowane faifai giram 357 ne, kuma bakwai-bakwai ake ɗaure su cikin ɓawon gora. Ta sa tsinken ƙarfe ta ɓamɓaro gutsure, ta jefa a ƙaramin kofi mai murfi, ta kwarara tafasasshen ruwa, nan take ta zubar. Wankin ganye kenan. Ruwa na biyu bai wuce daƙiƙa goma ba ta tsiyaye mana.

Launinsa ja ne mai duhu, kamar zoɓon da ya ji dahuwa. Amma ƙamshin ne ya kama ni. Duk wanda ya tsaya a tsakar gida ranar da ruwan farko ya sauka bayan zafin bazara ya san wannan ƙamshin na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shi na ji cikin kofi. Babu ɗaci, babu baurin nan irin na goro, sai santsi da yake bi ta maƙogwaro ya zauna a ciki da ɗumi. Ganye ɗaya ta yi ta zuba wa ruwa, har sau takwas. Wajen na biyar ƙamshin ƙasar ya ja baya, wani zaƙi ya fito kamar na busasshen dabino, alhali ba a sa ko ƙwayar sukari ba.

Wanda na sha shi ne nunanne, da suke kira shou. A 1973 aka fito da dabararsa a Kunming: a tara ganye tsibi, a yayyafa ruwa, a lulluɓe, a riƙa juyawa na kusan wata biyu, zafi da ƙwayoyin halitta su nunar da shi. Da tafinta ya yi min wannan bayani, daddawa ce ta faɗo min a rai, yadda ake rufe dafaffiyar kalwa har ta sake kama. Ɗaya nau'in ɗanye ne, sheng, wanda ake barin shekaru su yi masa aikin. Sabonsa na da ɗaci da bauri sosai, sai ya kwana biyu yake laushi. Na sayi ɗaya daga kowanne.

Da na dawo Kano, sai na dafa nunannen a buta yadda na saba, na cika ganye, na zuba sukari. Ya fito baƙi ƙirin, da nauyi, ɗanɗanon nan duk ya ɓace. Tun daga ranar nake bin yadda dattijuwar ta yi: ganye kaɗan, ruwa mai tafasa, a tsiyaye da sauri, a ƙara lokaci a hankali.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne ajiya. Na sa faifan a durowar kaya, kusa da turaren wutar maiɗakina. Bayan wata ɗaya, shayin ya shanye ƙamshin turaren kaf, kowane kofi sai ka ji kamar hayaƙi kake sha. Ganyen nan yana numfashi, duk warin da ke kusa da shi nasa ne. Hunturu ma ba ya yi masa daɗi, don iska in ta bushe ƙayau ganyen kan daina nuna, ƙamshinsa ya dushe. Yanzu a sabuwar tukunyar ƙasa nake ajiyewa, cikin takardarsa, nesa da kicin da turare, na rufe bakin da tsumma mai tsabta.

A tafiya ta gaba na ƙara koyon abu ɗaya: shekarun da aka rubuta a takarda ba su ne hujja ba. Sai na ɗanɗana nake saye. Nunannen da bai daɗe da fitowa ba yakan yi ɗan ƙarni, amma in ya sha iska na makonni yana tafiya. Wanda ke warin ruɓewa ko yake shaƙe maƙogwaro kuwa, ko nawa aka rage min ba na ɗauka.

Nunannen nake sha da dare, musamman in an ci abu mai maiƙo, kamar yadda mutanen Guangzhou ke haɗa shi da abincinsu. Ɗanyen kuma yana nan cikin tukunya. Duk farkon damina nakan ɓamɓari ɗan gutsure in gwada. Bana baurinsa ya ragu, launin ruwan ya tashi daga ɗorawa ya fara komawa na zuma.