Ranar da na kai alhazai Jidda da tsakar rana

Makon jiya na miƙa makullin ofis da wayar aiki, bayan shekara shida ina karɓar masu Umra a Madina. Abokan aiki sun ce in rubuta wa yaran da za su gaje mu wani abu. Da na zauna zan rubuta, sai na tarar abu ɗaya ne ya tokare min maƙogwaro, wato tafiyar Jiddan nan ta watan Agusta. Waɗanda muka yi aiki tare sun ji labarin daga bakin Mudir, wato manajan ofishinmu. Yau ga nawa.

Mutum 32 ne, yawancinsu dattawa daga wajen Katsina da Daura. Sun gama Umra da ziyara, saura kwana ɗaya su tashi daga filin jirgin Madina. Shugaban tawagarsu ya ce suna so a kai su su ga teku. Tun da aka sassauta dokar bizar Umra, irin wannan roƙon ya yawaita, kuma daga Madina zaɓi biyu ne: Yanbu ko Jidda.

Ba wanda zai yi musu cewa Jidda ta fi Yanbu abin kallo. Ita ce ƙofar Makka ta ruwa tun zamanin Sayyidina Usman. Ga tsohon gari, Balad, da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, da gidajensa na dutsen teku masu tagogin katako da ake kira rawashin. Ga Gidan Nasif, ga Masallacin Shafi'i, ga famfon Sarki Fahad da ke feso ruwa sama da mita 300. Yanbu kuwa rabinta matatun mai ne da masana'antu, sai ɗan tsohon gari da kasuwar dare da bakin ruwa mai tsabta. Amma Yanbu tafiyar kilomita 230 ce ko kusa da haka, kuma Badar na kan hanya, a tsaya a yi wa shahidai addu'a. Jidda ta haura kilomita 400. Ga dattijo mai ciwon gwiwa wanda jirginsa zai tashi washegari da safe, wannan tazarar ita ce dukan maganar.

Na shiga wurin Mudir na ce, "Ranka ya daɗe, Yanbu ta fi musu sauƙi. In kuwa lallai sai Jidda, a sayo musu tikitin jirgin ƙasa na Haramain, ko awa biyu ba zai yi ba." Ya ce jirgin ƙasa ba ya cikin lissafi, ga bas ɗinmu na zaune. Ya ce, "Kai yaro ne, alhaji tsaraba yake so, ba kabari ba." Kowa a ofis ya san akwai shaguna biyu a Jidda da ke ba shi kamasho kan duk bas ɗin da ya sauke musu. Ni ma na sani. Na ce to, na koma teburina na buga jadawalin, na sa hannu a ƙasa. Wannan sa hannun shi ne kuskurena, kuma ba na ɗora wa kowa shi.

Mun tashi bayan Asuba. Da tsayawar fitsari da karin kumallo, sai gab da Azahar muka shiga Jidda. Duk wanda ya san garin ya san wannan ce sa'a mafi muni. Zafin Madina busasshe ne, na Jidda kuwa jiƙaƙƙe, mutum yana tsaye gumi na bin bayansa. Shagunan Balad sun ja ƙofofi sai bayan La'asar. Jidda garin maraice ne, da dare take ado, mu kuma dole mu juya kafin daren. Na riƙa jan tsofaffi a lungunan da ba kowa sai kyanwoyi, ina ba su tarihin gidajen da ba su da ƙarfin ɗaga kai su kalla. Kusa da Bab Makka wata Hajiya mai ciwon suga ta yanke jiki ta faɗi. Awa biyu muka yi a asibiti ana mata ƙarin ruwa. Duk da haka Mudir ya kira direba ya ce kada a kuskura a tsallake shagunan nan.

Akwai wani dattijo da ya zauna kusa da ni a bas, wanda shi ne asalin mai roƙon a je teku. A hanya ya ba ni labarin kakansa, da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya ratsa Chadi, ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira ta Sudan don haɗa guzuri, sannan ya hau jirgin ruwa daga Sawakin ya sauka Jidda. Ya ce, "Ɗana, so nake kawai in tsaya a bakin Bahar Maliya in yi masa addu'a." Da na tambaye su tun a Madina abin da suke nema, da na gane minti talatin a bakin ruwa ya fi musu duk gidajen Balad, da kuma na samu hujjar da zan dage kan jirgin ƙasa. Ban tambaya ba. Lokacin da muka fito daga shago na biyu, direba ya ce in aka tsaya Kornish, wato bakin tekun Jidda, ba zai iya kai mu Madina ba. Ta tagar bas Baba ya ga tekun. Ya ɗaga hannuwansa, bai ce min komai ba.

Ƙarfe ɗaya na dare muka iso. Ranarsu ta ƙarshe a birnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce ba su sallaci Azahar ko La'asar ko Magariba ko Isha'i a masallacinsa ba. Da shugaban tawaga ya kai ƙara, Mudir ya zaro takardar nan ya nuna masa sa hannuna, ya ce yaron ne ya tsara, kuma za a hukunta shi. An yanke min albashin mako guda. A gabana ya faɗa, ko idona bai kalla ba. Har na bar wurin bai taɓa kirana gefe ya ce min ka yi haƙuri ba.

Ku da za ku ci gaba da aikin, duk umarnin da ba ku yarda da shi ba, ku nemi a turo muku shi a rubuce, ko da ta WhatsApp ne. Ku tambayi masu ciwon suga da hawan jini tun kafin su hau mota. Ku ajiye lambar direba na biyu. Kada ku karɓi ajiyar fasfo ba shaida.

Bayan wannan na kai tawaga tara Yanbu, mu tsaya Badar da hantsi, mu ci kifi a bakin ruwa, mu dawo mu riski Isha'i a Harami. Jidda kuma sau huɗu, duk a jirgin ƙasa, duk bayan La'asar, kuma Kornish muke fara zuwa. Jadawalin yana cikin kwamfutar ofis har yanzu. Na ji an cire sunana daga kansa.