Taragon da ya koma kan ƙafafunsa

Sana'ata gyaran tsofaffin taragun jirgin ƙasa na fasinja, kuma ni da yarana mun fi ƙwarewa a kan waɗanda aka gina da katako tun kafin ƙarfe ya karɓe aikin. Taragon da muka kammala kwanan nan ya iso mana ba ƙafafu, ba birki, domin bayan da aka sallame shi daga aiki an sayar da gangar jikinsa, kamar yadda aka yi wa ire-irensa da yawa, ya zama ɗakin ajiyar kaya a wata gona. Ruwa ya shiga ta rufi ya ruɓar da kusurwa biyu, amma da na kankare fentin da aka lafta masa sai ga katakon tik, wato icen nan mai ƙarko da aka gina jikinsa da shi, yana nan da ƙarfinsa, har da ɗan maiƙon da aka san shi da shi.

Wannan maiƙo ne ya sa maƙeran taragu na wancan zamani suke ɗauko tik tun daga Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, saboda ruwa da ƙwari ba sa cinsa da wuri. A lokacin, kamfanonin jiragen ƙasa da dama a Ingila ba sa ma rufe shi da fenti, man ƙyalli kawai suke shafa masa hawa-hawa. Haka muka yi wa namu, kuma aiki ne da ba ya son gaggawa: a shafa, a bari ya bushe sarai, a bi shi da samfefa mai laushi, a goge ƙura, a sake shafawa, har sai mutum ya ga inuwar fuskarsa a jikin katakon.

Wajen sayen katako da sauran kayan aiki ne nake samun saɓani da masu kawo mana kaya. Wani ya taɓa sauke mana katako yana rantsuwa tik ne busasshe, da muka sa zarto sai muka tarar da wani ice ne aka rina, cikinsa kuma ɗanye. Haka sukurorin tagulla, waɗanda dole da su ake ɗaure jikin tarago, domin na baƙin ƙarfe suna yin tsatsa su kumbura su tsage katako su bar masa baƙin tabo. Yanzu kowane kwali aka kawo sai na sa maganaɗisu a ciki, in sukuron ya bi shi to ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Wannan dabara a wurin maigidana na koye ta, mutumin da ya sa na yi shekara guda ina kwance tsofaffin ƙofofi kafin ya yarda na yanka katako ko ɗaya. Yakan miƙo mini mahaɗar katako biyu ya ce in raba su ba tare da na fasa ba, don in ga yadda na farko ya shige cikin na biyu. A lokacin gani nake wahalar da ni yake yi.

Ba kowane abu muka mayar yadda yake ba. Taragon ya zo da ragowar bututun fitilun gas a rufinsa, kuma tarihi ya nuna haɗarinsu: a Quintinshill da ke Sikotilan, a shekarar 1915, jirage suka yi karo, gas ya kama da wuta a cikin taragun katako, fiye da mutum 200 suka rasu, yawancinsu sojoji. Saboda haka mun gyara gidajen fitilun mun goge su, amma wutar lantarki muka sa a ciki. Tagogi kuwa mun bar su da salonsu na asali, inda fasinja ke jan ɗamarar fata ya sauke gilashi cikin ƙofa, ya maƙale ramin fatar a ƙusar tagulla daidai tsayin da yake so.

Masu kwaikwayon aikinmu su ne ke ɓata mana ciniki. Sukan manna siraran katako a kan ruɓaɓɓen gini, su cike ramuka da gam, su fesa fenti, mai kaya ya zo ya ce ai ga wanda zai yi masa a rabin kuɗi cikin wata biyu. Irin wannan aiki yana kyau a hoto, amma tarago ba kujerar falo ba ne, girgiza yake sha a kan dogo, kuma damina ɗaya ta isa ta buɗe duk abin da aka ɓoye. Biyu daga cikin taragun da ke jiran layi a wurinmu yanzu daga hannunsu suka fito.

Ranar da aka ɗora gangar jikin a kan ƙafafun da muka samo masa, aka ja shi a hankali don gwaji, na shiga ni kaɗai na bi ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa ina rufewa yayin da yake tafiya. Ɗaya ce kawai ta ɗan cije, na kuwa yi mata alama da alli don mu koma mata da safe.