Tsinken ashanar da ke cikin jitar Baba

Gyaran rediyo da amfilifaya mahaifina ya kai ni in koya, a wani ɗan shago da ke Tudun Wada, ba nisa da Panteka, bayan na gama sakandare na yi shekara guda ina zaman kashe wando. Jita daga baya ta shigo. Duk wanda ya kawo amfilifaya gyara, wata rana sai ka gan shi da jita a rataye, ya ce ai ita ma tana shaƙewa, a duba masa. Maigidana kuwa ba ya mayar da aiki. Haka muka wayi gari mu ne likitocin jitar lantarki na 'yan coci daga Sabon Tasha da Barnawa da Narayi, da makaɗan otal, da 'yan tsirarun samarin Rigasa da Unguwar Sanusi masu ɓoye jita a buhu kada a gida a ce sun lalace.

A shekarata ta biyu kaina ya fara rawa. Na samu waya mai intanet, na yi ta karance-karance har na ɗauka babu wanda ya kai ni sanin jita daga Kawo zuwa Kakuri. Na gano cewa Leo Fender, wanda sunansa ke kan jitocin da ake ta rububi, mai gyaran rediyo ne irina, ya buɗe shagonsa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1938, kuma shi kansa ba makaɗin jita ba ne. Wannan ya yi mini daɗi ba kaɗan ba. Na haddace cewa jitar Stratocaster ta kamfanin Fender ta fito a 1954, Les Paul ta kamfanin Gibson kuma a 1952. Cewa wuyan Fender da noti ake ɗaure shi, na Gibson kuwa da gam ake manne shi. Cewa tsawon tsirkiyar Fender inci 25.5 ne, na Gibson 24.75, shi ya sa ta Gibson ta fi laushi a yatsa. Duk wanda ya shigo shagon sai na juye masa wannan karatu, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Abin da na fi taƙama da shi shi ne maganar gurnani. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo irin na gurmi ko garaya, yawancinsu katako ne dunƙulalle. Fikof ne ke ɗaukar sautin, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a samansa sai ya haifar da 'yar wuta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Fikof ɗin Stratocaster koyil ɗaya gare shi, wato naɗin waya ɗaya, muryarsa garau, amma yana kwaso ƙugin wutar lantarki da ke kewaye da shi. A Kaduna kuwa, ga janareto, ga gine-ginen da ba a yi musu wayar sauke wuta ƙasa ba, zuuu ɗin nan kan cika ɗaki. Wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ne ya haɗa koyil biyu masu saɓa wa juna don su kashe gurnanin, aka fara sa wa Les Paul a 1957. Gurnani ya mutu, sai dai murya ta ƙara kauri. A lissafina na lokacin magana ta ƙare: koyil biyu ya fi ɗaya, wanda bai yarda ba jahili ne.

Wata Litinin cikin hunturu wani dattijo ya sauko daga Keke Napep da akwatin jita da aka ɗaure da roba.

"Ɗana, ina maigidan?"

"Ya tafi Zariya ta'aziyya, Baba. Sai jibi."

"To ba wani abu ba ne. Inda ake soka wayar nan ne ke motsi, ina cikin kiɗa sai sauti ya ɗauke. A ɗaure mini. Ran Juma'a bayan masallaci zan biyo."

Aikin minti goma ne. Amma da na buɗe akwatin sai da na zauna. Stratocaster ce ta gaskiya, ta shekarun 1970, mai faffaɗan kai da noti uku a bayan wuya kamar yadda ake yin su a wancan zamanin. Fentin ya goge daidai inda hannu ke kwanciya har katako ya fito yana sheƙi. Makunnin zaɓar fikof tsohon yayi ne mai matsayi uku, ga wani tsinken ashana ya yi baƙi a maƙale a tsagarsa. Na sa ɗan hantsaki na zare shi na yar. Na jona ta a amfilifaya, gurnani ya tashi kamar an tsokano gidan rina.

Sai na ce bari in yi wa tsohon nan alheri. Muna da fikof uku masu koyil biyu, sirara waɗanda za su zauna a ramin tsofaffin, da muka ciro daga wata jita da ta karye. Na sa su. Na canza makunnin da sabo mai matsayi biyar. Kwana biyu ina kai da dalma, ban ma yi niyyar karɓar ko kwabo a kai ba. Da na gama, tsit kake ji. Na riƙa kallon agogo ina jiran Juma'a.

Baba ya zo, ya ajiye darduma a kan benci, ya rataya jitar, ya jona. Ya ɗan saurara.

"Ka kunna kuwa?"

"A kunne take, Baba," na ce, bakina har kunne.

Ya kaɗa wani ɗan zubi na hailaif, bai kai rabin minti ba ya dafe tsirkiyoyin da tafin hannu. Ya juya jitar ya dubi bayanta, ya sake juyowa.

"Ɗana, wannan ta wane ce?"

"Taka ce, Baba."

"Jikin dai nawa ne. Muryar ban san ta ba." Ya shafa makunnin da babban yatsa. "Ina ashanata?"

Maigida yana kusurwa yana naɗin koyil ɗin wata sifika, bai ko ɗago ba. Sai da Baba ya fita ya ce, "Me ya ce maka yana damunta?" Na ce soket. Ya ce, "To wa ya aike ka?" Iyakar faɗan ke nan, amma da ya zabga mini mari da ya fi mini sauƙi. Allah ya taimake ni ban zubar da tsofaffin kayan ba, suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur.

Washegari Baba ya dawo ya zauna a benci, wai sai an mayar a kan idonsa. A nan, ina riƙe da dalma hannuna na rawa, ya ba ni labarin. Yana saurayi yana aiki a ɗaya daga masaƙun Kakuri, lokacin da masaƙun ke aiki dare da rana, kuma garin na cike da kiɗan bandi, zamanin su marigayi Bala Miller. Da daddare yakan taya wasu makaɗa ɗaukar kaya don a bar shi ya shiga kyauta. Wani dare wani baƙon makaɗi daga Gana ya sauko daga dandamali zai sha ruwa, bai ga inda zai jingina jitarsa ba, sai ya miƙa wa yaron da ke tsaye kusa ya ce riƙe mini. Minti biyar ya yi da ita a hannu. Ya ce tsirkiyoyin da ɗumi, ga ta tana wani ɗan kuka ta cikin sifika kamar abu mai rai. Ko sunanta bai sani ba, "mai ƙaho biyu" yake ce mata. Shekara huɗu yana zuba adashi kafin ya sayi wannan a hannun wani da zai bar garin.

Ashanar kuwa, a tsakanin matsayi biyu take tsayar da makunnin, sai fikof biyu su yi aiki tare su ba da wata murya kamar mai magana ta hanci. Makaɗa a ƙasashe da dama sun daɗe suna wannan dabara, har kamfanin Fender ya bi sahunsu ya fito da makunni mai matsayi biyar a 1977. Wato abin da na sa masa don wannan buƙatar aka ƙera shi, kuma na gaya masa haka, don har lokacin da sauran gardama a bakina. Ya ce ya sani. Ya ce shekara arba'in yatsansa ya san inda ashanar take, ba zai koma makarantar allo da furfura ba. Gurnanin ma da amfaninsa: a duhun dandamali shi ke gaya masa jitar na da wuta, idan waƙa ta ƙare ya naɗe maɓallin ƙara da ɗan ƙaramin yatsa, ba wanda ya taɓa jin sa sai shi.

Daga ranar na rage wa'azi na koma tambaya. Duk wanda ya ajiye jita a teburina sai in ce, ina ka fara ganin irinta? Yau shekaru ina wannan tambayar, kuma har yanzu ban samu wanda ya ce ya jera jitoci ya auna inci da nauyin katako sannan ya zaɓa ba. 'Yan coci da yawa Yamaha ko Ibanez suke rantsuwa da su, in ka bi diddigi ita ce jitar da kwamitin coci ya saya, a kanta suka koyi sa yatsa, bayan an tashi kwaya kowa ya watse. Wani ya ce kawunsa soja ne ya dawo da ita daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya. Samarinmu na yanzu kuma Agadas suka sa wa ido. Sun ga Mdou Moctar, makaɗin Abzinawan Nijar, a YouTube da rawaninsa, bahago, yana yaga Stratocaster, sun ji cewa jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, sai suka ga ashe abin ba na Turawa kaɗai ba ne. Irin tasa suke nema, in kuɗi bai kai ba su sayi Squier, wadda Fender ta fara fitarwa a 1982 don masu ƙaramin ƙarfi. Bayanin koyil da katako duk daga baya suke koyo, lokacin da ake buƙatar hujjar kare abin da zuciya ta riga ta ɗauka. Ka zauna a majalisarsu ka ji yadda ake tayar da jijiyar wuya, sai ka rantse 'yan Arsenal da Chelsea ne.

Wani zai ce to ke nan mai gyara sai ya yi ta gyaɗa kai? A'a. Akwai wani yaro daga Kurmin Mashi, mai sana'ar POS, da ya kawo mini wata baƙar jita an rubuta Gibson a kanta. Kallo ɗaya na yi wa murfin da ke rufe notin saita wuya na gane. Na Gibson ta gaskiya ƙusa biyu ke riƙe shi, wannan uku ne, da na buɗe kuma notin ciki ba irin nasu ba ne. Jabu ce. Da a da ne, tun yana bakin ƙofa zan yi shela. Sai na tambaye shi inda ya fara ganin irinta. Ya ce a ɗakin yayansa, Allah ya ji ƙansa, akwai hoton Bob Marley riƙe da Les Paul, tun yana firamare yake kwana yana kallonsa. Na saita masa wuyan da iskar hunturu ta lanƙwasa, na goge bakin ƙarafan da ke yankar masa yatsa, na sake ɗaure wayoyin ciki. Da ya zo karɓa na ja shi gefe na gaya masa gaskiya, don kada wata rana ya sayar wa wani da sunan ta asali, ko a sake yi masa sakiyar da ba ruwa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai na sani. In ina da kuɗin ta gaskiya ba sai in sayi Keke Napep ba?" Har yau yana kawo ta duk shigowar damina.

Ni ma ban tsira ba. In ka tambaye ni jitar da ta fi kowacce, zan ce maka Yamaha Pacifica, wadda aka fara yi a 1990, kuma zan kawo maka hujja: tana da koyil biyu a baya da ɗai-ɗai guda biyu a gaba, kuɗinta da dama-dama, tana jure wahalar ƙasar nan. Duk gaskiya ne. Amma ita ce jitar da wani ya kawo gyara ya yi ɓatan dabo, maigida ya neme shi shekara uku bai samu ba, ranar da ya yaye ni ya sauko da ita daga bango ya ce in riƙe amana, in mai ita ya dawo in ba shi. Da Ibanez ce a rataye a bangon nan, da yanzu wata hujjar nake kawo maka.

Baba yana nan, ƙarfi ya ja baya, ya daina fita wasa sai dai a tsakar gida da yamma. Hunturun da ya wuce jikansa ya rako shi sabon shagona a saita wuyan jitar. Da na gama na ga ashanar ta ruɓe ta rabu biyu. Ban taɓa ta ba. Na jawo aljihun tebur na miƙa masa kwalin ashana. Ya zazzage su a tafin hannu, ya zaɓi ɗaya, ya karye kan, ya ɗan tauna bakinta har ta yi daidai, ya cusa a tsagar makunnin. Ya jona waya, zuuu ya tashi. Ya ce wa jikan ya kashe fankar nan tana hana shi ji.