Daga Incapacity Benefit zuwa ESA: inda kuɗin marasa lafiya ya maƙale a Birtaniya

Ranar 27 ga Oktoba 2008 Birtaniya ta rufe ƙofar Incapacity Benefit, tallafin da ake bai wa wanda ciwo ko naƙasa suka hana shi aiki. Duk mai nema sabo aka tura shi ESA (Employment and Support Allowance), sabon tallafin da ya maye gurbinsa. Tsofaffin masu karɓa, kimanin mutum miliyan 1.5, ba a taɓa su ba sai Oktoba 2010 da aka yi gwaji a Aberdeen da Burnley, a 2011 kuma aikin ya game ƙasar. Da su aka haɗa masu karɓar Severe Disablement Allowance (tallafin masu tsananin naƙasa) da masu Income Support (tallafin masu ƙaramin samu) saboda rashin lafiya.

Ba mutum ne ke neman a sauya masa ba. Ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP, ita ke aiko wasiƙa, sannan fom ɗin ESA50 na tambayoyi kan lafiyarsa ya biyo baya, a ba shi mako huɗu ya cike. Daga nan akasari sai ganawa da ma'aikacin lafiya na kamfanin Atos, wanda Maximus ya gada a Maris 2015. Shi rahoto kawai yake rubutawa, hukunci na hannun jami'in DWP.

Gwajin iya aikin na maki ne, ayyuka 17: goma na jiki, bakwai na ƙwaƙwalwa da mu'amala da mutane. Sai an kai maki 15 ake shiga. Wanda ba ya iya tafiyar mita 50 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da ya tsaya ba ya samu 15 kai tsaye, mita 100 maki 9, mita 200 maki 6. Akwai ma ɗaukar tsabar fam ɗaya daga kan tebur, da ɗaga kwali mai rabin litar ruwa. A nan mutane da yawa suka cuci kansu. Mai ciwon baya zai rubuta yana iya tafiya shago, domin jiya ya je, ya manta ya ce bayan ya dawo wuni ya yi a kwance. Alhali abin da ake auna shi ne ko zai iya maimaita aikin a kai a kai ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba. Masu ciwon da ke tashi yau ya lafa gobe, da masu lalurar ƙwaƙwalwa, su suka fi ji a jikinsu. Ga kuma sashe na 29 da na 35 na ƙa'idojin ESA, da ke tsallakar da mutum ko makinsa bai kai ba idan aiki zai jefa lafiyarsa cikin babban haɗari, amma ba kasafai ake kula shi ba sai an kawo takardar likita da ta faɗi haka ƙarara.

Sakamako uku ne. Ko a ce ka isa aiki, a nuna maka hanyar Jobseeker's Allowance, tallafin masu neman aiki. Ko rukunin masu shirin komawa aiki, inda daga Mayu 2012 ESA mai dogaro da gudummawar inshorar ƙasa ke ƙarewa bayan kwana 365. Ko rukunin tallafi, wanda ba a ɗora masa sharaɗin neman aiki. A Oktoba 2013 kuma aka kafa sharaɗin cewa ba a zuwa kotun ɗaukaka ƙara sai an fara neman DWP ta sake duba hukuncinta, cikin wata ɗaya.

Amma a ganina babbar ɓarnar ta faɗa ne kan waɗanda suka ci gwajin. A lokacin ESA kashi biyu ce: ta gudummawa, da wadda ake duba samun mutum da ajiyarsa, matuƙar ba ta haura fam 16,000 ba. Incapacity Benefit ta gudummawa ce, don haka jami'ai suka riƙa ɗora mutane kan ta gudummawa kaɗai, ba su tambayi samunsu ba, ko da yake doka ta ce a duba duka biyun. Ƙarin kuɗin masu tsananin naƙasa kuwa a kashi na biyu yake. Kuɗi na shiga asusu duk mako biyu, wa zai san an rage masa?

A Maris 2018 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ƙiyasta mutum 70,000 aka tauye, kowanne kusan fam 5,000 a matsakaici. Kafin shekarar ta ƙare DWP da kanta ta ɗaga adadin zuwa 180,000. Da farko ta ce daga 21 ga Oktoba 2014 kawai za ta biya bashin, sai a Yuli 2018 ta yarda ta koma har ranar da aka sauya wa kowa. Wasu sun rasu kafin kuɗin ya zo, magada aka nema.

Masu ESA ta duba samu an sake ɗaga su zuwa Universal Credit, tallafin da ya haɗe tsofaffin tallafin masu ƙaramin samu wuri ɗaya, wasiƙun sun fara fita a Satumba 2024. Wannan karon mutum ne zai nema da kansa cikin wata uku. Wanda bai nema ba kuɗinsa ya tsaya, wanda kuma ya yi gaggawar nema kafin wasiƙarsa ta iso ya rasa cikon da ke hana abin da yake karɓa raguwa.