Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, Baba ya miƙe. Jiya da ƙafarsa ya taka har masallacin bakin layi ya yi la'asar ya dawo ba wanda ya riƙe shi, sai ƴar sandarsa, ita ma cewa ya yi ta ado ce. Na daɗe ina son rubuta wannan godiya amma duk sanda na ɗauki waya sai barci ya kwashe ni, wallahi gajiyar da ke jikina ni kaɗai na san ta, don haka in kun ga rubutun ya tafi haka ya dawo haka ku yi mini uzuri.

Ba zan maimaita labari ba, waɗanda suke tare da mu tun watan Afrilun 2020 sun san komai, sun san zancen gwaji da jiran sakamako da yadda daga ƙarshe aka ce ba korona ba ce, ciwon ƙirji ne ya haɗu da sugansa na da. Amma kafin takardar nan ta fito ai mun ga rayuwa. Kun tuna lokacin. An rufe Abuja da Legas tun 30 ga Maris, maigidana ya maƙale can wajen aiki, ni kuma na kwaso yara muka dawo gidan su Baba, mu nan Filato aka kulle mu 9 ga Afrilu aka ce feshin magani za a yi, daga nan sai a ɗan buɗe a saya abinci a sake rufewa. Ranar 17 ga wata aka ce Abba Kyari ya rasu, kowa ya ce to in mutumin da ke cikin fadar shugaban ƙasa bai tsira ba ina ga talaka. Sai kuma labarin Kano, dattawa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan yanayi ne tsoho ya fara tari a gidanmu, tari mai ƙarfi da ake jiyowa ta katanga. Mai kurar ruwa ya daina tsayawa a ƙofarmu, yaran da ke zuwa sayen ƙanƙara wajen Inna suka ɗauke ƙafa. Ban ga laifin kowa ba, da ni ce ma ƙila haka zan yi, amma fa akwai ciwo.

Daren da ba zan manta ba shi ne na 30 ga Afrilu, azumi bai ma yi nisa ba. Ana gab da shan ruwa ƙanena yana latsa waya, shi da bakinsa ba ya riƙe magana, sai ya ce Baba wai Rishi Kapoor na fim ɗin Indiya ya mutu, jiya ma Irrfan Khan ya mutu. Baba bai san Irrfan sosai ba, na yaran yanzu ne a wajensa, amma Rishi, ɗan Raj Kapoor, tun fitowarsa yana saurayi a 1973 Baba yake kallonsa. Ya tambayi shekararsa nawa, aka ce 67, kansa ce ta kashe shi. Sai ya yi shiru ya ce, yaro ne fa a kaina, to an fara kiran layinmu. Ya juya fuska bango. Aka kawo kunu ya ƙi, aka kawo dankali da ƙwai ya ƙi, maganin suga kuwa ya riga ya sha. Can tsakar dare ruwa na dukan kwano Inna ta ƙwala mini kira, na shiga na tarar gumi ya jiƙe shi sharkaf a wannan sanyi na Jos, hannu na rawa, ana masa magana yana amsa wata daban. Ba keke a titi, ba mota, kowa na tsoron a kama shi a kai shi kotun tafi-da-gidanka, ni kuma ina tsaye da waya a hannu na rasa lambar wa zan kira, a raina na gama cewa shi ke nan, kuma ko wanka ba za a bar mu mu yi masa ba. Wannan tunanin na wankan shi ya fi komai tayar mini da hankali.

Na san ba ta son a ambace ta, ta ce in na rubuta ba ruwanta da ni, amma Sista sai dai ki yi haƙuri. Nas ɗin nan da ke tsallaken kwata, wadda nake wa ɗinki, ita na kira. Duk wanda ya san garin nan ya san me ake nufi in aka ce mace ita kaɗai ta tsallako daga unguwarsu zuwa tamu a irin wannan lokaci, ga kulle ga ruwa ga gidan da ake cewa akwai korona. Ta zo da tocila da takunkumi biyu a fuska da ƴar na'urar gwada suga a cikin leda. Ta soki yatsansa ta duba ta ce sugan ne ya faɗi ƙasa warwas, ya sha magani bai ci abinci ba, ta ce a dama suga a ruwa maza. Ita ta tallafo kansa tana ɗura masa da ƙaramin cokali tana cewa Baba haɗiye, Baba haɗiye mana, kamar mai lallashin jariri, har idonsa ya dawo daidai ya kalle ta ya ce ƴar nan me ya fito da ke cikin ruwa. Ba ta tafi ba sai da aka kira asuba, muna sahur tana zaune a kan turmi tana nata addu'o'in. Ko kuɗin kati ta ƙi karɓa. Sista, Allah ya tsare miki ƴaƴanki, Allah ya sa ki gama da duniya lafiya, yadda kika fito mana cikin dare Allah ya turo miki mai fito miki a ranar da kike buƙata.

Ita ce kuma da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce magani kaɗai ba zai tashe shi ba, mutumin nan ya saki rai, ku nemo abin da yake so. Na faɗa wa Inna, ta taɓe baki ta ce abin da yake so ai ɗaya ne, Indiya. Waɗanda suka san Baba da carbi da jaridar da yake karantawa a ƙofar gida ba za su yarda ba, amma mutumin nan samartakarsa duk a sinimar Kwararafa da Rex ya yi ta, zamanin da in aka ce yaro ɗan sinima ne to an gama zaginsa, ya sha bulala wajen kakanmu ba adadi bai daina ba. Akwai wata tsohuwar jakar Ghana-mas-go a ƙarƙashin gadonsa cike da kaset na bidiyo, Inna ta yi shekaru tana cewa za ta ba masu gwangwan yana hanawa. Kaset akwai, abin sakawa ne babu, namu ya mutu tun ina makarantar sakandare.

Nan Injiniya ya shigo, mai gyaran rediyo na bakin titi, kun san shi. Shagonsa a rufe, shi ma yana gida ba ko sisi yana shigowa, na kira shi ne kawai in tambaya ko ya san mai irin wannan tsohon bidiyo. Ya ce Hajiya bari in duba tarkace. Washegari da rana tsaka, ranar da ba a fita, sai ga sallama, ya biyo lungu lungu ta bayan gidaje da abu naɗe cikin buhun shinkafa a kafaɗa. Bai shiga ɗaki ba, a tsakar gida ya shimfiɗa buhun ya zauna, yana azumi leɓe duk ya bushe, ya kwance murfin da sukudireba, ya yago farar takarda ya ɗiga mata sifirit yana goge kan bidiyon a hankali yana juya shi da ɗan yatsa, takardar na fitowa baƙi ƙirin. Bel ɗin ciki ya tsinke, ya yanko robar tayar keke ya ɗaura. Kaset ɗin ma duk sun yi fumfuna, sai da ya buɗe ɗaya ya warware zaren da hannu yana sharewa yana naɗewa, yara sun zagaye shi daga nesa suna tambaya wai wannan wace irin waya ce. Aka ta da janareto, aka jawo talabijin zuwa bakin ƙofar Baba. Farko sai yayyafi fari a fuskar talabijin da ƙara, Injiniya ya ɗan daki gefen akwatin, sai ga kiɗa, sai ga Dharmendra.

Wallahi ina kallon bayan Baba. Mutumin da ya kwana biyu bai juyo ba, sai na ga kafaɗarsa ta motsa, ya juyo a hankali ya ƙura ido ya ce, Sarkin Ƙarfi. Ya ce a ɗaga masa filo. Can kuma ya ce wai ina kunun nan na jiya. Na shiga kicin na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon. Injiniya, na ba ka kuɗi ka ce in saya wa Baba lemo, har yau bidiyonka na gidanmu ba ka taɓa tambaya ba. Allah ya buɗa maka, Allah ya sa hannun nan naka ya zama sanadin shigarka Aljanna.

Daga ranar gidan ya samu tsari. Ba tafsiri a masallaci bana sai a rediyo, asham ma a tsakar gida muke yi ƙanena na ja, ana sallamewa sai a auna fetur a kwalba a zuba wa janareto, fim ɗaya ba ƙari. Baba ba ya jin Indiyanci ko kalma goma amma shi ke fassara, kuma kar ka kuskura ka ce ba haka aka ce ba. Yarana da suka saba da fassarar Hausa ta cikin waya da farko suna ta ƙorafi wai hoton ya dushe wai waƙa ta yi yawa, kafin sallah sun koma ƴan Amitabh, kakansu na Dharmendra, kullum musu, in aka sa Sholay da su biyun suka fito tare kuwa gidan ba ya zaunuwa. Yana ba su tarihi tsakanin tari da tari, wai Dilip Kumar Musulmi ne sunansa Yusuf Khan kuma a Peshawar aka haife shi, wai duk waɗannan ƙannensa ne a sana'a. Inna da ta shekara arba'in tana faɗa da Indiya na kama ta tana tankaɗe tana bin waƙa ƙasa ƙasa, na ce Inna me nake ji, ta ce ke tafi can.

A ƙasan jakar kuma muka samu namu na gida da ya ɗauka daga talabijin, Samanja Mazan Fama, Kasimu Yero, da Karkuzu na Bodara namu na nan Jos, har da na Ibro guda biyu da ban san ya saya ba. Dariyar farko da Baba ya yi mai sauti a kan Samanja ya yi ta, har ta tayar masa da tari muka tsorata. Ni dai a ganina mutanen nan ba mu biya su ba. Ibro ya tafi 2014, Kasimu Yero 2017, duk sai bayan sun mutu muka cika Facebook da hotunansu. A riƙa tunawa da irinsu tun suna iya amsa gaisuwa. Waɗanda suka riga mu Allah ya jiƙansu, sun yi mana jinya ba su sani ba.

Makon jiya da aka ce Amitabh ma ya kamu da korona ƙanena ya ɓoye, ya koyi hankali, ashe Baba ya riga ya ji a rediyo. Cewa ya yi ku kwantar da hankalinku, mutumin da ya tashi bayan raunin da ya ji wajen ɗaukar fim a 1982 ba tari ne zai kayar da shi ba. Da na ji haka na san Baba ya warke.

Sauran godiya ba ta ƙirguwa. Malam Liman da yake tsayawa ta taga yana masa addu'a kullum bayan azahar. Mai shagon kwana da ya buɗe mana littafin bashi bai taɓa turo yaro ba. Mai keken da ya kai mu asibiti ranar da wasu uku suka ji tarin suka ja kekensu. Likitoci da nas nas da suka duba shi cikin wannan hali. Ƙawayena na guruf ɗin makaranta da suka yi karo-karo. Masu ɗinkin sallah da na riƙe wa atamfa har sallah ta wuce ba wadda ta zage ni, in sha Allah na babbar sallah kyauta ne kuɗin hannu. Baban yara da yake turo abin da ya samu alhali shi ma a ɗaki ɗaya yake kulle. Ƴan uwa na jini kuma da suka kira mun gode, waɗanda ba su samu dama ba ma mun gode, mun san hanya a rufe take, duk da dai waya ba a rufe ta ba, kuma tun 1 ga Yuli aka buɗe hanyar, Abuja zuwa Jos ba Makka ba ce. Baba yana tambayarku da suna, ni dai cewa nake aiki ne ya yi muku yawa.

Ya Allah duk wanda ya taimaka mana da kuɗi ko da ƙafa ko da addu'a ko da saƙo ɗaya, ka taimake shi ta inda ba ya zato. Allah ka ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti. Waɗanda suka rasa iyayensu a wannan annoba, na Kano da na ko'ina, waɗanda ba su samu ko zaman makoki ba, Allah ka ba su haƙuri ka haskaka kabarin mamatansu. Allah ka ɗauke mana wannan cuta, ka zaunar da Filato lafiya, ka bar mana iyayenmu mu daɗe muna musu hidima, amin ya Hayyu ya Ƙayyumu.

Masu son zuwa dubiya don Allah a zo da takunkumi kuma kar a taru da yawa, likita ya ce har yanzu a yi hankali da shi, bayan la'asar ya fi. Sannan akwai kula koriya babba da aka aiko mana da farfesu cikin azumi yaron ya ajiye a zaure ya gudu, har yau ba mu san ta waye ba, mai ita ta yi mini magana ta inbos.