Waya ta ce 11, agogo ya ce 13: kilomita nawa muka taka a Shere?

Asabar ɗin da ta wuce mu uku muka hau duwatsun Shere da ke gabashin Jos, mun fita tun bayan asuba sanyi na ratsa ƙashi, ba mu sauko ba sai da azahar ta gota. Muna zaune a gindin dutse muna shan ruwa kowa ya duba nasa lissafin, nan fa gardama ta kaure. Wayata ta ce kilomita 11, ta abokina ta ce 9 da ɗoriya, agogon hannun ƙanena kuma wai 13. Hanya ɗaya fa muka bi, tare muka huta tare muka tashi.

Abin ya tsaya min a rai gaskiya, don ni tafiyar nan saboda hawan jini na fara ta, ina so in san iya abin da jikina ya yi.

Shi agogon ƙanen nawa taku yake ƙirgawa, sai ya ninka da tsawon takun da ya ƙiyasta daga tsayin mutum. To ai a kan dutse ba a buɗe ƙafa, ɗan gajeren taku kake yi kana dafa gwiwa kana haki, shi kuma yana rubuta maka cikakken taku kamar kana tafiya a kan kwalta. Dole ya zarce. Wayata kuwa da GPS take aiki, wato tsarin gano inda mutum yake ta tauraron ɗan Adam, ɗigo-ɗigo take ajiyewa a kan taswira tana haɗawa, kuma tsakanin manyan duwatsu sigina na karo da dutse kafin ya iso, sai ɗigon ya riƙa tsalle. Da na buɗe taswirar na duba daidai inda muka zauna cin ƙosai kusan minti ashirin, wallahi zane ne a cukurkuɗe kamar inda kaza ta yi tono, alhali ko motsi ba mu yi ba, kuma duk an saka shi cikin lissafi. Abokina shi kuma ya kunna tattalin batir, wayar ta riƙa ɗaukar ɗigo jefi-jefi tana yanke kwana, shi ya sa nasa ya gaza.

Washegari na ari tef na je filin ƙwallon unguwarmu na auna mita 100, na taka sau uku ina ƙirga ƙafar dama kaɗai, kowane zuwa 64 nake samu ko kusa da haka. Sojoji ma haka suke yi. Yanzu tsakuwa goma nake zubawa a aljihun dama, duk 64 in mayar da ɗaya hagu, in sun ƙare an yi kilomita guda kenan. A hawa sai na ƙara wajen goma a kai saboda takun na raguwa.

Amma abin da ya fi zauna min shi ne maganar wani dattijo da muka tarar yana kiwo. Na ce Baba, zuwa can sama da nisa? Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dube mu, ya ce ɗana in ba ku yawaita zama ba kafin hantsi ya yi zafi kun isa. Haka kuwa aka yi. Da lokaci ya auna mana, yadda fatake suke ƙirga tafiya da zango. Wani mahayin duwatsu ɗan Scotland, William Naismith, tun 1892 ya kawo irin wannan lissafin: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Garin Jos na kan tsayin wajen mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta haura 1,800, ka ga hawan kaɗai ya kusa cinye awa guda ko ba a yi maganar nisa ba, kuma shi ne abin da cinyata ta ji har ranar Talata.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu hanyar za mu sake bi, zan kashe GPS duk inda muka zauna, ƙanena zai riƙe agogo, ni in riƙe tsakuwata, mu ga inda lissafin zai haɗu.