Duhun da haske biyu suka haifa

Na daɗe ina koyar da Fiziks a wata sakandare ta ƙauye tsakanin Ringim da Taura, kuma babu darasin da ke ba ni wuya kamar na cewa haske igiya ne, wato tafiya yake da tudu da kwari kamar igiyar ruwa. Yara sukan haddace, su rubuta a WAEC, amma in ka dubi idonsu ka san ba su yarda ba. Ban ga laifinsu ba. Yaron da ya tashi yana ganin rana ta ratso ta hujin rufin kwano ta sauka a miƙe, da me za ka shawo kansa? Newton ma a 1704 ya fi karkata ga cewa haske 'yan ƙwayoyi ne.

Abin da aikin ya koya mini shi ne hujjar tana wajen duhu, kuma sai an nuna ta kafin a taɓa allo. Ƙwayoyi in ka zuba a kan ƙwayoyi ƙaruwa za su yi. Igiya ce kaɗai ke iya kashe 'yar'uwarta, kamar in ka jefa duwatsu biyu a kududdufi: inda tudu ya gamu da tudu ruwa ya tashi, inda tudu ya faɗa kwari ruwa ya kwanta luf.

Ɗakin gwaji dai ba mu da shi. Guntun gilashi nake turarawa a kan aci-balbal har ya yi baƙi ƙirin, in haɗa reza biyu sababbi in matse, in ja layi ɗaya cikin hayaƙin. Nan ne hannu ke rawa, gilashi da yawa sukan lalace. In an dace, an sami tsaga biyu, tsakaninsu kaurin reza, wajen milimita 0.1. Sai a toshe tagogi da tabarmi, a haska 'yar jar leza irin ta jikin makulli a kan tsagogin. A bangon da ke nesa da mita 3, sai ga jajayen ɗigo a jere, kowane biyu da duhu a tsakaninsu. Ajin da ba ya shiru, ranar ko tari babu.

Daga nan lissafi ya zama nasu. Su auna tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo da rula, kusan santimita 2, su ninka da nisan tsagogin, su raba da nisan bango, sai tsawon zangon jan haske ya fito, wato nisan tudu zuwa tudu na igiyarsa, wajen nanomita 650 (nanomita miliyan ɗaya ne milimita ɗaya). Irin gwajin da masanin kimiyya Thomas Young ya bayyana ke nan a Landan a 1803, shi kuwa da hasken rana ya yi.

Wata yarinya ta taɓa tambaya, "Malam, to hasken da ya kamata ya sauka a wurin duhun, ina ya tafi?" Ba ɓata ya yi ba, ya koma ya taru a ɗigon da ke gefe, shi ya sa suke da ƙarfi haka. Na fi son wannan tambayar da amsa goma da aka haddace.

Da damina nakan aike su bakin garejin masu gyaran babur, su duba launukan da baƙin mai ke yi a kan ruwa. Hasken da ya dawo daga saman man ne ke karo da wanda ya dawo daga ƙasansa, kaurin man kuma shi ke zaɓar launin da zai tsira.

Rigima sai sun shiga aji uku, na kawo musu Einstein da bayaninsa na 1905 cewa haske dunƙule-dunƙule yake isowa. Nan take hannuwa ke tashi: "Malam, ba kai ka ce igiya ne ba?"